Auta ya ƙarasa lisansi a Tawa ko ya tafi Maroko?

Kawu: Salamu alaikum. Na ji Auta ya samu gurbin karatu a Fes ta Maroko, zai bar jami'ar Djibo Hamani ta Tawa alhali shekara guda ta rage mishi. Ni dai na ce duk wanda ya bar lisansi a shekara ta uku ya yi asara.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam Kawu. A gafarce ni, ban yarda ba. Tsarin LMD, wato lisansi, masta da dakta, ai don haka aka yi shi. Lisansi kiredi 180 ne, wato makin auna darussan da aka ci, semestar shida, kowace 30. Yana da 120 a hannu, da su zai tafi.

Kawu: Ɗana, 120 ɗin nan ba diplom ba ne, takardar maki ce. Jami'ar can ita za ta duba darussan da ya yi, ta ga ko sun yi daidai da nata. In ta ga giɓi, sai ta maida shi shekara ta biyu. Amma in ya riƙe lisansi cikakke, masta zai nema kai tsaye.

Yaya Babba: To in shekarar ta ƙi ƙarewa fa? Inda na yi karatu, shekarata ta uku ta kusa cin biyu, yau yajin aiki, gobe jiran sakamako. Har yanzu abin yana mini ciwo. Kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, masu neman Maroko a maimakon Faransa sun yi ta ƙaruwa a cikin abokaina. Gurbin nan ba zai jira shi ba.

Gwaggo: Ku duka ba wanda ya yi zancen kuɗi. Da burs ne, wato tallafin karatu, ko babu? In babu, wa zai biya haya da abinci kowane wata?

Auta: Babu tukuna, Gwaggo. Abin da ya fi damuna kuwa memuwar ɗina ne, binciken ƙare lisansi. A kan kasuwancin albasar Galmi nake yi, na riga na zauna da manoma da dillalai, na cika littafi biyu. In na tafi, wa zai duba mini wannan aiki a can?

Yaya Babba: Wannan kam ban sani ba. Amma kar ka saki gurbin, ƙanena.

Auta: Yau zan rubuta musu, su faɗa mini a rubuce shekarar da za su sa ni, da ko za su iya ajiye mini wurin zuwa baɗi.

Kawu: Ka turo mana amsar nan kafin a yi maganar kuɗin jirgi.