Wai kuɗin bibliyotek ɓarna ne?

Ɗan Zango: Ni dai ra'ayina kenan, duk sefa ɗaya da gwamnati ta zuba a bibliyotek, wato ɗakin karatu na jama'a, yanzu ɓarna ce. Ga tsaro ga yunwa ga asibiti ba magani, kuma kowa da wayarshi a hannu, littafin da kake so ka sauko da PDF ɗinshi shikenan.

Mushe: Ƙanena ka fara tambaya nawa ma ake zubawa tukun. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, masu ba da tallafi suka janye, a Oktoba aka rage kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga biliyan 3,290 ya koma wajen biliyan 1,980. In aka yi irin wannan yanka albashi ake fara karewa, abin da ke mutuwa shi ne kuɗin sayen littafi da biyan wuta da gyaran rufi, to mai gadi na nan ma'aikaci na nan amma kantar littattafai ba ta ƙaruwa.

Ɗaliba: Yaya Ɗan Zango wace wayar dan Allah? Mu takwas a gidanmu waya mai intanet ɗaya ce kuma ta babanmu ce, forfe na jika guda bai kai ko'ina ba. Ina shirin BAC, littafin lissafi ɗaya mu huɗu muke karɓa-karɓa, bangonshi ya cire an ɗaure shi da zare, shafukan darasin ƙarshe ma babu. Kuma a gida ina za ka zauna ka yi karatu, ga ƙanne ga aike ga zafi.

Ɗan Zango: To a sa kuɗin a lakwal mana, ba sai an gina wani ɗaki daban ba

Mushe: Lakwal ana rufe ta da yamma da lokacin hutu. Wanda ya bar aji fa, ko ɗan jami'ar André Salifou da ke neman wurin zama shiru?

Baban Birni: Yara ku duka kun kauce. Tun asali ba aljihun gwamnatinmu ya riƙe yawancin ɗakunan karatun nan ba, gidan raya al'adu na Faransa da Nijar da su CLAC, cibiyoyin karatun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci OIF, ai da hannun baƙi suka tsaya. A Maris 2025 mun fice daga OIF, ni ban yi kuka ba, amma wanda ya kori mai ba shi rance sai ya shirya noma da kanshi. Kuma kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ina littattafan Hausar? Wa zai saya ya jera su, mu ma masu ajami mu shiga?

Ɗan Zango: Baba da girmanka, amma soja na daji ba zan ce a ɗauki kuɗin harsashi a sayi littafi ba.

Ɗaliba: Ba wanda ya ce harsashi fa yaya. Kuɗin mota ɗaya ta manya nawa ne?

Mushe: Kuma ba sai Yamai ba, ma'aikatar magajin gari tana karɓar harajin kasuwa, fanka biyu da sola da jarida ba su fi ƙarfinta ba. Ku ƴan fada da kuke haɗa kuɗin shayi kullum ku je ku tambaya a ina layin bibliyotek yake cikin kasafinsu.

Ɗan Zango: Tambaya kam zan je in yi, amma har yanzu ban yarda ya zo gaban magani ba.