Wai tallafin ƙasashen waje ya tsinana wa Tanzaniya wani abu kuwa?

Ɗan Birni: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, kuɗin da aka zuba wa Tanzaniya zamanin shugabanta na farko Julius Nyerere asara ce kawai. Suwidin, Norwe, Denmak, Bankin Duniya kowa ya kawo nasa, amma lokacin da ya sauka a 1985 ko sabulu sai an bi layi, a 1986 magajinsa Mwinyi dole ya sa hannu kan yarjejeniyar bashi da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF.

Hajiya Babba: Haba ɗana, to layin dogon TAZARA fa? Turawa sun ce ba riba suka ƙi, Chaina ta ba da bashi mara ruwa aka fara a 1970 aka gama 1975, kilomita 1,860 daga Darussalam har Kapiri Mposhi ta Zambiya, ga duwatsu ga ramuka, 'yan Chaina sama da 60 suka mutu a aikin nan. Wannan ne asara?

Ɗan Birni: Hajiya da girmanki, jirgin nan ya taɓa ɗaukar kayan da aka tsara masa? Taragai sun lalace, ma'aikata sun sha yin yajin aiki kan albashi.

Malam Tanko: Kai yaro kana auna shi da ribar kasuwa, alhali Kaunda, shugaban Zambiya na lokacin, neman hanyar fitar da tagulla yake ba tare da ya bi ta Rodeshiya (Zimbabuwe ta yanzu) ba, tunda Ian Smith, jagoran Turawan da ke mulkin Rodeshiya, ya ɓalle daga Birtaniya a 1965 Zambiya ta shiga tsaka mai wuya, ba ta da teku. Wannan buƙatar kam layin ya biya ta.

Ɗan Birni: Na ji. Ujamaa, tsarin gurguzun Nyerere na noman haɗin gwiwa a ƙauyuka, fa? An kwashe miliyoyin manoma da ƙarfin tsiya zuwa sabbin ƙauyuka daga 1973, wasu har bukkokinsu aka ƙona, masu ba da tallafi suna gani suka ci gaba da turo kuɗi.

Hajiya Babba: Nan kam ba zan kare su ba. Amma kar ka manta da tsadar mai da yaƙin Idi Amin na 1978 zuwa 1979, duk sun ci baitulmali, kuma ajin yaƙi da jahilci da makarantun firamare da aka cika ƙauyuka da su fa, da kuɗin wa?

Uwar Yara: Makarantun da babu alli ko littafi? Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, a gina a yanke kyalle a yi hoto, kuɗin gyara babu wanda ya ɗauki nauyinsa.

Malam Tanko: To laifin mai bayarwa ne ko mai karɓa?

Ɗan Birni: Su biyun Malam, amma manomin da aka tasa daga gonarsa ba a zauna da shi ba lokacin sa hannu.