Za a mayar wa jaririya sunan kakarta, A'isha: wane laƙabi, kuma yaya za a rubuta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jibi ne suna, kuma an tsayar da A'isha, sunan mahaifiyar uban jaririyar. Mai jego ba za ta iya kiran sunan surukarta ba saboda alkunya, dole sai an sa laƙabi. To a gidan akwai Ummi, akwai Humaira, akwai Walida, duk takwarorin Hajiyar ne. An kawo Indo da Shatu, amma Shatu daga cikin sunan aka ciro shi, Indo kuma kowa ya san laƙabin A'isha ne. Shin kiransu ya kauce wa alkunyar, ko duk ɗaya ne?

Abin da ya fi damuna shi ne rubutu. Sunan Larabci ne mai ainu da hamza, Bahaushe kan rubuta A'isha ko A'ishatu, wasu fom na kwamfuta kuwa ba sa karɓar alamar da ke tsakanin A da i, sai ya koma Aisha. Idan takardar haihuwa ta saɓa da ta NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ko da harafi ɗaya, sai an yi takardar rantsuwa a kotu kafin a gyara. Wanne ya kamata a kafe tun yanzu? Kuma laƙabin ya shiga takarda a matsayin suna na biyu, ko a bar shi a baki kawai?