Ɗakin amarya ya fi ƙarfin 18-55 ɗina: wane gilashi mai faɗi kuka gwada?

Mai hoto na Jahun:
Assalamu alaikum. Canon 700D nake aiki da ita, da gilashin da ta zo da shi, 18-55mm. A fili ba ni da ƙorafi. Amma ranar Asabar aka kira ni hoton jere a Bakaro, uwar amarya ta ce gado da madubi da labule da kwabar kaya duk su fito a hoto ɗaya, za ta tura wa 'yan'uwan da ba su samu zuwa ba. Na manne da bango har na kusa shigewa cikin siminti, rabin gadon kawai ya shiga. Ƙarshe wata yarinya ta ɗauka da wayarta a 0.5, wato kyamarar wayar mai ɗauko faɗi, aka ce nata ya fi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wanda ya sayi gilashi mai faɗi ya yi aiki da shi, don Allah ya ba ni labari.

Ɗan Azare:
Wa alaikumus salam. Ni ne ya kamata in fara, don ni na tafka asarar. Shekaru biyu da suka wuce na je Kano na sayo Canon 17-40mm f/4, mai jan zoben nan, na hannu. Mai shagon ya ce shi manya ke riƙewa, kuma bai yi ƙarya ba. Na dawo gida na ɗaura a 600D, na leƙa, sai na ga kusan abin da 18-55 ke ba ni. Ashe lambar da ke jikin gilashi ba ta gama magana sai ka san girman sensar kyamararka, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta. Irin namu masu ƙaramar sensa, a Canon ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da 1.5. Wato 18mm ɗinka faɗin 29mm yake gani idan aka auna da babbar sensa, nawa 17mm kuma 27mm. Kuɗi masu yawa na biya don tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba. Da na sayar na ɗauki EF-S 10-18mm, wanda bai kai shi tsada ba, ranar na ga kusurwa uku na ɗakina a hoto guda. 10mm a wajenka 16mm ne. Sai dai ka sani, duk gilashin da aka rubuta wa EF-S ba ya hawa masu babbar sensa irin 6D ko 5D. In kana da niyyar sauya kyamara kwana kusa, ka yi lissafi.

Ɗalibi a Yelwa:
Masu Nikon su ji nawa. D3200 gare ni, na yi odar 10-20mm AF-P saboda araha. Ya hau daram, amma fokus ko motsi. Na ce bari in juya da hannu, nan ma shiru, don zoben nasa da lantarki yake aiki. Ashe AF-P ba ya tafiya da D3100, D3200, D5100 da D7000. Sai da na yi musayar kyamara da wani mai D5600, da ciko daga aljihuna. Tsohon Tokina 11-16 na farko shi ma ba shi da mota a ciki, wato ɗan injin da ke juya fokus, a D3200 da hannu za ka saita. Na biyun, mai alamar II, shi ne mai mota.

'Yar Fadaman Mada:
Yaya na Jahun, 10-18 ɗin nake riƙe da shi, kuma a hoton jere ba shi da na biyu. Ba nauyi, za ka yini da shi a wuya. Amma zan gaya maka abin da ba wanda ya gaya min. Ranar wani kamu, ɗaki ya cika, dangin ango suka ce a ɗauke su gaba ɗaya da amarya. Na ja shi zuwa 10mm ina murna kowa ya shiga. Da hoto ya fito, amarya a tsakiya tsaf, amma gwaggon ango da ke can gefe fuskarta ta baje kamar faifai, kafaɗarta ta kusa ninka ta kowa. Baiwar Allah nan ta ce da gangan na yi, wai ni ɓangaren amarya ce. Har yau idan mun haɗu a biki sai ta harare ni.

Gilashin bai lalace ba, halinsa ke nan: duk abin da ke gefe sai ya ja shi, abin da ke kusa kuma ya kumbura shi. Yanzu in kaya ne, 10mm. In mutane ne ba na sauka ƙasa da 15, kuma ina barin fili a gefe biyu in yanke daga baya. Sannan kyamara a daidai ƙirji, a miƙe. Ka ɗan ɗaga bakinta sama, bango ya kwanta. Ka sunkuyar, kawuna su yi girma ƙafafu su tsuke. Wani abu kuma, filashar kan kyamara ba ta yi da shi, inuwar gilashin kanta za ka gani baƙa a ƙasan hoton. Ta ɗaurawa nake sa wa, in harba silin.

Tsohon mai hoto, Wunti:
Yaran nan kuna ba ni dariya. Zamanin fim, mai 28mm shi ne mai faɗi a garin nan, kuma da shi muka yi hoton makarantu da na Hawan Sallah a ƙofar fada. Mutum talatin ba a jera su layi ɗaya kamar masu jiran awo. Dogaye a baya, iyaye a kujera, yara a tabarma, ka ja baya. In ɗaki ya ƙi, a fito tsakar gida. Jere kam na yarda, gado ba ya fitowa tsakar gida.

'Yar Fadaman Mada:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai ku a lokacinku ana jin maganar mai hoto. Yanzu ka ce amarya ta fito tsakar gida da rana, mai kwalliya ce za ta fara cinye ka.

Mai bidiyo daga Gombe:
Ni hoton dare ya raba ni da 10-18. Buɗewarsa f/4.5 ne zuwa 5.6, a zauren biki idan an rage fitilu sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, har inda hoto zai yi yashi. Na'urar hana rawar hannu da ke cikinsa hannunka take riƙewa, ba ta riƙe masu rawa a fili. Na koma Tokina 11-16mm f/2.8. Hasken da yake sha ya fi ninki biyu na f/4.5, ya kai ninki huɗu na f/5.6. Aibinsa nauyi, kuma in fitila ta dube shi kai tsaye sai ya zubo koren tabo a hoto. In aikinka na rana ne, kada ka wahalar da aljihunka.

Ɗan Azare:
Na manta. Na kai nawa Yankari. A Wikki ya yi abin kirki, ruwan da bishiyoyi da dutsen duk suka shiga. Da muka fita zagaye kuwa, gwanki ya tsaya can nesa, a hoto ya zama kamar ƙuda a bango. A kabarin Tafawa Balewa ma ya yi amfani saboda dogayen bangon nan, muddin ba ka ɗaga shi sama ba.

Tsohon mai hoto, Wunti:
Tunda na hannu za ka saya, ɗana, tafi da kyamararka. Cire murfi biyu, haska tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba komai ba ce, ba gilashin da ya ga hunturun Bauchi bai sha ta ba. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta damina, ajiye musu kayansu. Ka ɗauki bangon bulo, ka duba kusurwa huɗu, kada ɗaya ta fi sauran dushewa.

Mai hoto na Jahun:
Na gode ƙwarai, Baba, na gode 'yan'uwa. Wani abokin aiki ya ara min 10-18 jiya, na koma gidan Bakaro da sunan kai hotuna. Daga bakin ƙofa, a 11mm, gado da madubi da kwaba duk sun shiga, har da ni a cikin madubin, sai da na koma gefe na sake. Uwar amarya ta karɓa. Shi zan saya. Anti ta Fadaman Mada, in kina sa masa filta mai 67mm a gabansa, siririya ce ko ta gama-gari? Wadda ke kan na aron tana baƙanta min kusurwa a 10mm.