Musayar Waƙa: Bikin Cikar Kundin Waƙoƙi Shekara 10 a Gusau

Ɗan Auta, Talata Mafara:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Wani mawaƙi mai rubuta waƙoƙinsa da kansa zai yi wasa a Gusau domin cikar kundinsa na farko shekara 10 da fitowa. Ga tambayata a baiti:

Kawu, na yanki tikiti, Gusau na nufa,
Amma tsarin bikin ne nake neman ganewa.
Shin sababbin waƙoƙi zai zubo mana ne,
Ko kuwa tsohon kundin za a yi ta maimaitawa?
In abin da ke cikin wayata za a sake saka mini,
Ina ribar kuɗin motar da nake kashewa?

Kawu, Kauran Namoda:
Ɗana, al'adar wannan biki a ɗauko kundin ne,
A rera shi a jere tun daga farko har ƙarewa.
Waƙar da ta buɗe faifai ita ke buɗe dandali,
Ba a tsallake ko ɗaya, ba a kuma jirkitawa.
Har waɗanda gidan rediyo bai taɓa waiwaya ba,
Na tsakiyar kundi, ranar suke samun fitowa.
Su nake jira ni kam, don a nan ya ɓoye hikima,
Inda ba a zuba masa ido ba ya fi zurfafawa.
Tsakanin waƙa da waƙa yakan tsaya ya yi bayani,
Ya faɗi halin da yake ciki lokacin rubutawa.
In kundin ya ƙare, sai ya ɗan huta ya dawo
Da fitattun sauran waƙoƙinsa domin rufewa.

Gwaggo, Maradun:
Malam, ka faɗi tsari, amma ka bar babban batu,
Wanda shi ne ma'aunin da ni nake dubawa.
Da yawa sukan sa faifai a na'ura yana tashi,
Su riƙe makirfo, leɓɓansu kawai ke motsawa.
Mu da muka tashi a ƙasar Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru,
Kotso da 'yan amshi muka sani, babu ruɗarwa.
Jagora ya ja baiti, yaransa su karɓe masa,
In ya ƙaro sabon zance, nan take suke cafewa.
In mawaƙin nan ya zo da mai fiyano da mai jita da mai kalangu,
Ya buɗe baki da kansa, to ya cancanci yabawa.

Ɗan Auta:
Gwaggo, in ya rera da kansa muryar ta ƙi daidai,
Ba kamar ta faifai ba, shin ba zan ji kunya da zuwa?

Gwaggo:
Ɗana, shekara 10 ba ta barin murya yadda take,
Takan yi kauri, wata gaɓar ba ta iya hayewa.
Sai ka ga ya sassauta kiɗa, ya rage tashin sauti,
Ya miƙo makirfo ga jama'a suna ƙarasawa.
Baitin da ya rubuta yana saurayi mai ɗoki,
Yau magidanci ke faɗinsa, ma'anar na ƙaruwa.

Yaya, Gusau:
Ƙanena, ka zo da wuri ka kama kujerar gaba,
Don masu ɗaga waya sama gani suke tarewa.
Masu liƙi za su hau dandali a yi ta kiran suna,
Har waƙa guda ta yi tsawon uku ana zugawa.
Ina roƙon masu shiri su ware wa liƙi lokacinsa,
Bayan kundi ya cika, kada jerin ya riƙa yankewa.
Kuma kada ka kama hanyar Mafara cikin dare,
Akwai shimfiɗa a gidana, da safe ka yi komawa.