Ɗana yana ta ƙiba, Hajiya kuma ta ce ƙoshi ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga iyaye maza.

Ɗana shekararsa 10, nauyinsa kilo 52. Mun je asibiti saboda hakin da yake yi in ya hau bene, sai likita ta nuna mini bayan wuyansa da ya yi baƙi. Ta ce ba dauɗa ba ce, alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, kuma ciwon sukari na iya biyo baya. Ta ce a bar lemon kwalba, ya riƙa motsa jiki minti 60 kullum kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Ni ma da laifina. Kullum sai in dawo daga kasuwa da tsire da lemo, in miƙa masa waya in kwanta. Na daina. Bayan sallar asuba ma tare muke zagaye unguwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne Hajiya, mahaifiyata, gidanmu ɗaya. Ina fita za ta kira "maigidanta" ɗaki, ga fanke, ga alawa, ga Indomie da ƙwai. Sau biyu ina yi mata magana, ta ce ni ma haka ta raine ni. Wata biyu ke nan sikeli bai motsa ba, yaron kuma ya fara ci a ɓoye.

Yaya zan fahimtar da ita ba tare da na saɓa mata ba? Shi kuma yaya zan yi kada ya ɗauka na tsane shi ne?