Gyara da warkewa a harshen Norwe: inda Turanci ya taimake mu da inda ya kai mu ya baro

Ma'aikaciyar jinya, Bergen

Assalamu alaikum. Yawancinmu da muka zo ƙasar Norwe mun iso da Turanci a bakinmu, kuma da shi muke fara lalubo ma'anar kowace sabuwar kalma. Ina so mu tattara abin da ya faru da kowannenmu game da kalmomin gyara da na warkewa, domin a nan ne na fi yin tuntuɓe. A watannina na farko a gidan kula da tsofaffi, na rubuta a rahoton wata dattijuwa cewa mikin ƙafarta ya zama "kurert", saboda ina tunanin "cure" na Turanci. Shugabar sashenmu ta kira ni gefe ta ce cuta ake yi wa "kurere", shi kuwa miki "gro" yake yi, don haka abin da ya dace in rubuta shi ne "såret gror fint", wato mikin yana haɗewa da kyau. Kalmar 'yar'uwar "grow" ce, kuma da ita ake faɗin tsirowar ciyawa da haɗewar ƙashin da ya karye, amma yaro idan yana girma "vokse" yake yi. A takardun likitoci kuma za ku tarar da "tilheling", wato warkewar miki, wadda ban taɓa jin wani ya furta ta a hira ba.

Makanike, Drammen

Wa alaikumus salam, Hajiya. A garejinmu "fikse" da "reparere", wato gyara, suna ɗaukar kusan komai, kuma babu wanda zai yi maka dariya idan ka tsaya a kansu, sai dai takardun hukuma ba sa magana haka. Idan mota ta je binciken da ake kira EU-kontroll, wanda ake maimaitawa duk shekara 2, aka same ta da matsala, takardar za ta ce dole a yi wa matsalar "utbedre". Na ɗauki kwanaki ina zaton ana nufin a ƙara wa motar kyau, saboda na hango "bedre", wato mafi kyau, a ciki, alhali ana nufin a kawar da aibin da aka lissafa kafin a dawo da ita. Facin taya kuwa "lappe" ne, kuma da ita ake yi wa wando maho. Wani yaron garejin ya taɓa ce mini zai je ya ɗauki "lappen", na miƙa masa akwatin kayan faci, ashe lasin tuƙi yake nufi.

Ɗalibi, Trondheim

Ni tawa ta fi ta kowa muni, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni. Kakana maɗori ne, mutane suna zuwa daga ƙauyuka masu nisa da karaya da targaɗe, kuma ina alfahari da shi ƙwarai. A ajin koyon harshe aka ce kowa ya ba da labarin danginsa, sai na ɗauki "healer" na Turanci na yi mata kwaskwarima yadda nake ganin za ta dace da bakin mutanen nan, na ce kakana "heler" ne wanda duk yankinmu ya san da zamansa. Malamar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko an taɓa kama shi. A harshen Norwe "heler" shi ne mai sayen kayan sata, laifin kuma sunansa "heleri", yana nan a sashe na 332 na dokar laifuffukan ƙasar. Abin da ya sa tarkon ya yi zurfi shi ne, fi'ilin "hele" da gaske yana iya nufin warkewa, domin daga "hel" yake, wato cikakke, tushe ɗaya da "helse" (lafiya) da "hellig" (mai tsarki), kamar yadda "heal" da "whole" da "health" da "holy" suke 'yan gida ɗaya a Turanci. Malamar ta ba ni "helbreder", wato mai warkarwa, amma ta gargaɗe ni cewa tana ɗauke da ƙamshin addini da mu'ujiza. Ita "healer" ɗin ma sun aro ta yadda take, suna kiran masu ɗora wa mara lafiya hannu da ita, wanda ba sana'ar kakana ba ce ko kaɗan. A ƙarshe sai na yi bayani da jimla guda cewa yana ɗora ƙasusuwan da suka karye, kowa kuma ya gane.

Ma'aikaciyar jinya, Bergen

Allah ya jiƙan kaka idan ya riga mu gidan gaskiya, ƙanena. Ka tuna mini da "lege", wadda take nufin likita kuma take nufin warkarwa, kamar a maganarsu ta "tiden leger alle sår", wato lokaci yana warkar da kowane miki. A nan yammacin ƙasar, inda ake rubuta nynorsk, ɗaya daga cikin salon rubuta harshen Norwe guda biyu, a wurare da yawa, na ga "lækjar" a wata takarda na rasa ko wane ne, ashe likita ake nufi.

Ma'aikacin kamfanin kifi, Lofoten

Malamai, a bakin teku akwai kalmar da ban ji ta a aji ba, wato "bøte". Da ita ake ɗinke ragar kamun kifi idan ta yage, "bøte garn", aikin da dattawa suke yi da wata allura ta musamman, kamar yadda na saba ganin masunta suna yi wa komarsu a bakin kogi a Yawuri. Na ce wa wani dattijo zan taya shi "reparere" ragar, ya ce inji ake yi wa haka. Sunan da ke tare da fi'ilin shi ne "bot", wanda yake nufin maho, kuma yake nufin tarar da 'yan sanda ke ci. Da farko na ga abin ba ya haɗuwa, daga baya na fahimci cewa a tunaninsu wanda ya biya tara ya toshe ɓarakar da ya yi ne.

Uwargida, Oslo

Ni a wajen neman gidan haya na koyi tawa. Tallar ta ce gidan "nyoppusset" ne, ni kuma "pusse" ɗin da na sani shi ne na goge haƙora, sai na zaci an share shi ne kawai, na yi mamakin tsadar kuɗin. Ashe "pusse opp" sabunta gida ne da fenti da daɓe da kicin. Sannan ina roƙon sababbin zuwa su kula da "frisk". Lokacin da na koma aiki bayan zazzaɓi na kwana 3, abokiyar aikina ta tambaye ni ko na zama "frisk", ni kuwa ina jin "fresh" a kunnena, na ce mata ai na yi wanka da safe. Tana tambaya ne ko na samu sauƙi. Ɗanyen kifin da aka kamo yau "fersk" ne, mutumin da ya warke "frisk" ne, iska mai daɗi ma "frisk" ce. Idan kun je dubiya, abin da ake faɗa a madadin "Allah ya ƙara sauƙi" shi ne "god bedring", ni dai nakan faɗi tasu a fili, in bi da tamu a zuci.